Ma'aunin Malam Jatau

Ku ba ni kunnuwanku, ina da wata shari'a da ta daɗe a hannuna na kasa yanke ta. Zan faɗa muku yadda abin ya faru daga farko, ba ƙari ba ragi, in na gama ku ne alƙalai.

A Barikin Rafi, wani tsohon barikin kuza da ke kudu da Bukuru, aka yi wani mutum ana ce masa Malam Jatau Mai-awo. Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar mishan, shi Musulmi ni Kirista, kuma shekara sittin da ɗoriya ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Aikinsa auna yanayi. Kullum ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe biyu na rana zai duba yawan ruwan da ya sauka da zafin gari, ya rubuta. Yana da wani ma'aunin zafi na gilashi, tsawonsa taƙi guda, kwance cikin kube na katako. Ko bayan ya yi ritaya bai daina dubawa ba. Ya rasu a farkon watan Mayu, ya bar matarsa Goggo Delu da 'ya'ya uku. Babban shi ne Sallau, direban babbar mota mai kai dankali kudu. Mai bi masa Mamuda, mai aikin wayarin, wato haɗa wayoyin lantarki. Autarsu Hansatu tana aure a garin Lafiya. Da aka raba gado, ma'aunin nan ya faɗo cikin rabon Goggo Delu, ta sa shi a ƙasan akwati ta rufe.

Goggo Delu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ba a yi arba'in ba ƙirjinta ya kama. Likitan da ya duba ta ya ce huhunta ya yi rauni, sanyi zai iya kashe ta, zafin rana a ƙarƙashin kwano ma zai iya. Ya ce kada ɗakinta ya sauka ƙasa da digiri ashirin da biyu, kada ya haura ashirin da bakwai. Ya hana a shigar da kaskon gawayi, domin hayaƙin ya fi sanyin illa. Wanda ya san marka a kan tsaunin nan ya san abin da wannan magana take nufi. Akan yi kwana tara rana ba ta leƙo ba, bango ya jiƙe, gishiri ya narke a kwano. Da a ce ba takaba take yi ba, da sai a kai ta Lafiya inda ake da ɗumi. Amma mai takaba ba ta barin ɗakin mijinta, Goggo Delu kuwa ba macen da za a ja da ita a kan wannan ba ce. Saboda haka sai dai a kawo mata ɗumin har ɗaki. Sa'ar da aka yi, wutar barikin daga tsohuwar madatsar ruwa ta zamanin kuza take zuwa, ba ta cika ɗaukewa ba.

To, ga abin da Sallau ya yi. Ya ji labarin wani inji a Legas mai hura ɗumi in ana sanyi, ya hura sanyi in ana zafi, yana da wani ɗan akwati da ake kafawa a bango, ana ce masa tamostat. Shi akwatin ne ke jin yanayin ɗaki, ya ce wa injin tashi ko kwanta, ba sai mutum ya taɓa ba. Sallau ya sauke dankalinsa, ya kwana biyu yana zaga kasuwa har ya samo. Bai yarda ya sa shi a bayan mota ba, a gaba ya ɗaure shi kusa da kujerarsa, ya lulluɓe da bargon kwanansa. A hanyar dawowa ya tarar ruwa ya cinye wata gada, motoci sun yi layi, ana cewa gyara sai bayan mako biyu. Ya buga waya gida, ya ji tarin uwarsa daga nesa yayin da matar Mamuda ke amsa masa. Bai ƙara tambayar kowa ba. Ya bar motar a hannun wani direba, ya samu maza biyu suka riƙe masa igiya, ya ɗora injin a ka ya shiga ruwa har ƙirji. Sau biyu ya ƙetare, domin injin gida biyu ne, na ciki da na waje. Ɗan akwatin kuwa cikin hularsa ya sa shi, ya ɗaure da rawani. Daga can ya hau motoci huɗu kafin ya iso. Mai motar da yake tuƙawa bai saurari uzurinsa ba, ya karɓe makulli. Shekara goma sha ɗaya Sallau ya yi a kan motar nan. Da ba don shi ba, babu inji a Barikin Rafi, marka kuwa saura mako biyu ta kankama.

Ga kuma abin da Mamuda ya yi. Takardar bayanin da ta zo da injin ta sha ruwa a rafi, shafukan sun manne sun zama kamar tuwo. Wayoyi biyar ne ke tafiya daga injin zuwa akwatin: ja, fara, rawaya, koriya da shuɗiya. In aka sauya biyu daga ciki, tsohuwa za ta nemi ɗumi a hura mata sanyi. Mamuda bai taɓa ganin irin injin ba. Ya kwance murfin, ya zauna da mitarsa ta gwada wuta yana bin kowace waya har tushenta, yana zanawa a bayan kwali, har ya tabbatar ja ce ke kawo wuta, fara ta ɗumi, rawaya ta sanyi, koriya ta fanka, shuɗiya ke mayar da wutar. Sannan ya hau silin ya tarar wayoyin gidan tun na Turawan kuza ne, ɓeraye sun cinye rigarsu. Ya zare su duka ya sa sababbi. Cikin wannan aiki wata tsohuwar waya da ya ɗauka matacciya ce ta kama shi, ta ƙone masa yatsu biyu na hannun dama, har yau ɗayan ba ya lanƙwasuwa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ya lura gidan ba shi da wayar ƙasa mai kai rarar wuta cikin ƙasa, ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da gishiri, ya sa abin da ke yanke wuta in ta yi yawa. Akwatin kuwa ya kafa shi yadda ƙa'idar aiki ta ce: a bangon ciki, nesa da taga, nesa da ƙofa, ƙafa biyar daga ƙasa, daidai ƙirjinsa. Ina tsaye ya gwada. Ya kara kofin shayi mai zafi kusa da shi, injin ya huro sanyi. Ya kara jiƙaƙƙen tsumma, injin ya huro ɗumi. Ya saita shi a kan ashirin da huɗu. Kwana goma sha biyu bayan haka tsawa ta faɗa kan turken wutar unguwa, ta ƙone rediyo da talabijin a gida bakwai. Injin Goggo Delu ko gezau. Da ba don Mamuda ba, abin da Sallau ya ɗauko a ka da ya zama ƙarfen banza, ko tun ranar farko, ko ranar tsawa.

Sai dai tarin bai tafi ba. Marka ta kankama, tari ya ƙaru, numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. 'Ya'yan nan maza kullum da safe za su zo bakin ƙofa su cire takalmi su gaishe ta, su ɗaga kai su dubi bango. Lambar tana nan, ashirin da huɗu. Mamuda zai ce, "Inna, da ɗumi dai ko?" Ta ce, "Da ɗumi, Allah ya yi albarka." Sallau ba ya tambaya, domin shi ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in zai yi magana da ita sai ta bakin wani. Ni ma na je sau uku. Na sa tabarau na karanta lambar, na koma gida da kwanciyar hankali. Ina faɗin wannan ne don kada ku ce na ware kaina. Aka canza magani sau biyu, aka yi rubutu, aka yi sadaka. Ba wanda ya zargi ɗakin, tunda ga lamba a bango.

Yanzu ga abin da Hansatu ta yi. Tana da cikin wata bakwai, dangin mijinta sun hana ta tafiya cikin damina. Mako uku tana buga waya ana ce mata da sauƙi. Ran nan ta ce a kara wa Inna wayar a kunne, ta ji yadda take tsayawa ta ja numfashi tsakanin kalma da kalma. Washegari ta hau mota ba tare da yardar surukarta ba. Ta iso da hantsi. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shiga ta zauna a kan tabarmar uwarta, ta ɗauki ƙafafunta ta ɗora a cinya za ta shafa musu mai. Ƙafafun kamar an tsamo su daga randa. Kafin ta gama shafa ɗaya, ita kanta ta ji sanyi yana hawa ƙugunta ta cikin zane.

A nan ne ya kamata ku san wani abu. Tun ranar da aka fita da gawar Malam Jatau, Goggo Delu ba ta ƙara hawa gado ba. A gidan da ta fito, mai takaba a ƙasa take kwana, a kan tabarma ɗaya, har ta fita. Kowa a gidan ya san haka. Mamuda ya sani, shi ya matsar da tabarmar ranar da yake huda bango. Amma da ya zo auna inda zai kafa akwati, tsayin mutum a tsaye ya auna, domin haka aka koya masa, kuma waɗanda suka rubuta ƙa'idar ba su san takaba ba. Daɓen ɗakin siminti ne a kan falalen dutse, iska kuma tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a ƙasa. Ɗumi sama yake hawa. Akwatin yana can yana shan ɗuminsa, da ya ji ya ƙoshi sai ya kashe injin.

Hansatu ta fito tsakar gida ta ce, "Yaya Mamuda, ɗakin nan da sanyi."

Ya ce, "Auta, ashe kin koyo wayarin a Lafiya? Je ki karanta bango."

Ta ce, "Na karanta. Bango ne ke tari, ko Inna?"

Sallau ya ce, "Ke dai kin zo da gajiyar hanya. Mai ciki ai ba ta rasa jin wani abu."

Ta koma ɗaki ta roƙi uwarta makullin akwatin kayanta, ta ciro ma'aunin mahaifinsu, wanda ba a taɓa ba tun ranar rabon gado. Tun tana 'yar shekara takwas ita ke riƙe masa littafi in yana awo, ta san ba a riƙe gilashin a hannu, ta san sai an jira minti goma kafin a karanta, ta san awon rana ɗaya ba awo ba ne. Ƙarfe bakwai na safe ta rataye shi kusa da akwatin bango, ta rubuta. Ta ajiye shi a kan gado, ta rubuta. Ta kwantar da shi a kan tabarma daidai inda uwarta ke sa kai, ta zauna kusa da shi a kan simintin nan da tsohon cikinta, ta rubuta. Safiya uku tana yin haka. A ta ukun ta kira yayyenta ta miƙa musu takarda. Bango ashirin da huɗu, gado ashirin, tabarma goma sha biyar. Rubutun ma irin na ubansu ne, da ɗan layin da yake ja a tsakiyar bakwai in ya rubuta lokaci. Mamuda ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya shiga ɗakin, ya kwanta rigingine a ƙasa da girmansa. Da ya tashi idonsa ya yi ja.

Aka roƙi Goggo Delu ta koma gado, ta ƙi. Aka kira limamin unguwa, ya zauna a bayan labule ya gaya mata addini bai ɗora wa mai takaba kwanan ƙasa ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Uwata haka ta yi wa ubana. Shi ma maigidana bai gaza ubana ba." Hansatu ta ce to tunda Inna ba za ta hau wurin akwati ba, akwati ya sauko wurin Inna. Ta nuna wurin da yatsa, taƙi biyu daga ƙasa, kusa da matashin kai. Mamuda ya ƙara tsawon wayoyin nan biyar ya sauko da shi, aka toshe ƙarƙashin ƙofa da tsohon bargon Sallau. Tun daga ranar duk wanda ya shiga ɗakin a tsaye sai ya yi gumi, amma a kan tabarma ashirin da uku ne. Cikin mako guda zarton nan ya lafa. Likita ya ce da an ƙara kwana bakwai a yadda ake, da ba a kai ga fitar takaba ba. Hansatu kuwa sanyin simintin ya kwantar da ita, ta haihu kafin lokaci, aka sha wahala kafin ɗan ya tsaya, surukarta kuma ta shekara ba ta amsa gaisuwarta. Da ba don ita ba, injin yana aiki, wayoyin suna daidai, lambar tana kyau, da an binne Goggo Delu a cikin watan Agusta.

Daga baya Hansatu ta tambayi uwarta me ya sa ba ta faɗa ba, alhali tana jin sanyin har ƙashi. Ta ce, "Wancan ya shiga ruwa ya rasa motarsa. Wannan ya ƙone hannu. Da wane bakin zan ce abin bai yi ba?"

Ranar da ta fita takaba, a tsakiyar Satumba, bayan an yi sadaka mutane sun watse, ta aika aka kira ni. Ta zauna a bakin gado, karo na farko cikin wata huɗu da kwana goma, 'ya'yanta uku suna ƙasa. Ta ɗora kuben katakon nan a cinya ta ce, "Malam Ishaya, wannan ne kaɗai abin da ya rage mai ƙamshin hannunsa. Ina so in ba wanda ya riƙe mini raina a cikin yaran nan. Ba ya rabuwa uku. Ni uwa ce, ba zan iya ba. Kai abokinsa ne, ka zaɓa."

Ban yi gaggawa ba. Na ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ba su yi rigima ba, sun yi magana ne a hankali, kowa yana kallon tabarma. Sallau ya ce shi ya kawo, kuma abin da babu shi ba a haɗa masa waya, ba a kuma sauko da shi. Mamuda ya ce ƙarfe ne aka kawo masa ba takarda, shi ya mai da shi abu mai aiki, shi ya tsare shi daga tsawa, kuma ranar da aka gane kuskure hannunsa ne ya gyara. Hansatu ta ce duk wannan gaskiya ne, amma mako huɗu injin yana aiki Inna tana mutuwa.

Ta damƙa mini kuben, na koma gida na auna ta ɗaya gefen, domin kowannensu yana da abin da za a ce masa. Wahalar da Sallau ya sha ita ce ta rufe bakin uwarsa, kuma shi ne ya ce wa ƙanwarsa gajiya ce. Mamuda shi ya kafa akwatin inda bai dace ba, alhali da hannunsa ya ja tabarmar, ya kuma yi wa mai gaskiya ba'a. Hansatu ta yi mako uku tana karɓar "da sauƙi" a waya, kuma da ta zo ta tarar da ɗaki babu inji, awonta ba zai ɗumama kowa ba, sai dai ya gaya mata yawan sanyin da zai kashe uwarta. Na sake juyawa: babban ya rasa abincinsa, na tsakiya ya rasa yatsa, autar ta kusa rasa ɗa. Duk inda na ɗora, ma'aunin nawa ba ya rinjaya.

Na ce a ba ni mako guda. Mako ya zama wata. Goggo Delu ta ƙara shekara shida a duniya, ta ga ɗan Hansatu ya shiga makaranta, ta rasu a kan gadonta wata ranar Laraba da la'asar, ba da ciwon ƙirji ba. Duk lokacin da na je gaishe ta takan ce, "Malam Ishaya, har yanzu?" In ce har yanzu. Akwatin yana nan a bangon ɗakin, taƙi biyu daga ƙasa, baƙi suna tambaya wane gwanin ne ya kafa abu a inda sai an durƙusa a karanta. Yaran ba su taɓa tuna mini ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi damuna fiye da a ce sun tuna. Ma'aunin yana cikin aljihun teburina. Kullum ƙarfe bakwai nakan fito da shi in duba, ko da yake yanzu sai na kai shi bakin taga kafin in ga layin. Shekaruna tamanin da uku, ba na so in je in tarar da Jatau da amanar matarsa a hannuna.

To, ku da kuka ji duka, wa zan miƙa wa kuben nan: wanda ya ɗauko injin a ka ya ƙetare ruwa, ko wanda ya haɗa wayoyin ya ba shi rai, ko wadda ta zauna a ƙasa ta gane inda sanyin yake?